Ranar da Na Raka Baba Dauda Sansanin Gwale-gwale

Da muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta wani gari a kudancin Italiya, ni da Ishaya, babu wanda ya zo tarbarmu. Dillalin da ya yi mana biza a Kano ya ce za mu tarar da mutum riƙe da kwali mai sunayenmu, shi zai kai mu masaƙa inda aiki ke jiranmu. Muka zauna a kan benci tun hantsi har la'asar. Duk wanda ya ɓullo da takarda a hannu sai mu miƙe, ya wuce mu sake zama.

Sunana Bukar. Kakana ne ya zo Kano daga Borno, ni kuwa a Rijiyar Lemo aka haife ni, kuma tun ina saurayi nake tsaron shagon atamfa na kawuna a Kantin Kwari. Ishaya ɗan Sabon Gari ne, asalin iyayensa Zariya, mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. A ofishin dillalin muka fara haɗuwa. Ni Musulmi, shi Kirista, tsakanin gidajenmu tafiyar ƙafa ce, amma sai da muka bar ƙasa sannan muka ci abinci a kwano ɗaya.

Gab da magariba wani mutum ya zo da farar mota, ya karɓi fasfo ɗinmu wai za a yi rajista. Babu wata masaƙa. Gonar tumatir ya kai mu, ya nuna mana bukkokin katako da leda a gefenta, ya ce gobe da asuba a fito. Ashe bizar da aka yi mana ta aikin gona ce, ta 'yan watanni kawai.

Wata biyar muka yi a duƙe. Hannuna da ya saba da shadda da leshi ya tsattsage, bayana ya daina miƙewa sosai. Idan na kira gida, matata Hajara ta ce yaya masaƙa, sai in ce lafiya lau, injuna ne dai da ƙara. Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne. Rashin kiran salla ne. A gida Kano ba ka buƙatar agogo, masallatai ne ke raba maka yini. A can kuwa rana za ta fito ta faɗi ba ka ji muryar kowa ta kira ka zuwa komai ba.

A cikin bukkokin akwai wani dattijo ɗan Sudan, Malam Adamu, wanda kakanninsa Hausawa ne da suka tsaya a hanyar aikin Hajji. Hausarsa irin ta mutanen da ce, har dariya take ba mu. Shi ya ce mana, "Ku yi haƙuri har tumatir ya nuna sosai. Ranar da ba zai iya kwana a gona ba, ranar za mu yi magana." Haka aka yi. Da safiyar da motoci suka jeru suna jiran lodi, muka zauna a ƙasa gaba ɗayanmu, muka ce sai an ba mu fasfo. Kafin azahar aka zube mana su a kan akwatin tumatir. Amma a lokacin bizarmu ta riga ta mutu. Malam Adamu ya ce mu yi arewa, can an fi samun aiki a cikin gida, inda ido ba ya kai wa.

A wani birni na arewa Ishaya ya samu wankin kwanuka a gidan abinci. Ni kuwa na yi makonni ina raɓe a ɗakinsa, ba na fita sai dole. Wata Lahadi ya dawo daga coci da lambar waya a hannu.

"Mutumina, wata mata na neman namiji mai ƙarfi ya kula da mahaifinta. Wanka, aski, ɗagawa, komai. Za ka iya?"

Na ce, "Wanda ya ɗauki dilar atamfa ai ba zai kasa ɗaukar tsoho ba."

Matar sunanta Miriyam, ni kuwa Maryam nake ce mata. Malamar makaranta ce, ta haura hamsin, kullum cikin sauri take. Ban ɓoye mata cewa ba ni da takardar zama ba. Ta ce ta sani, idan gwamnati ta buɗe ƙofa za ta shigar da ni. Ta kai ni wurin tsohon. Yana zaune a keken guragu kusa da taga, siriri, fari fat, kunnuwansa manya. Sunansa Dabide. Na ce masa a wurinmu Dauda ake cewa, kuma ba ma kiran babba da sunansa kai tsaye, don haka Baba Dauda zan riƙa ce masa. Ya maimaita sunan sau biyu, ya ce ya yi masa.

A kicin Maryam ta nuna mini abin da yake ci da wanda ba ya ci. Ta ce, "Naman alade ba ya shigowa gidan nan, kamar ku. Mu Yahudawa ne."

Ban san abin da fuskata ta nuna ba, amma ta tsaya ta dube ni. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A kasuwa idan an ce wa mutum Bayahude, zagi ne, ana nufin maƙetaci ko marowaci, kuma ni ma na sha faɗa ban taɓa tunanin akwai wani tsoho mai manyan kunnuwa a bayan kalmar ba. Da na kira gida na faɗa, kawuna ya karɓi wayar ya ce in bar aikin tun da wuri, ban ga abin da ake nunawa a labarai ba ne? Mahaifiyata, Inna, ta karɓe ta ce, "Yana hana ka salla?"

"A'a, Inna."

"To ka kula dai. Kada ka saki jiki da su."

Ban bar aikin ba, domin babu inda zan je. Da wannan zuciyar na fara, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Kullum da safe in ɗaga shi, in yi masa wanka, in aske masa gemu, in ba shi shayi da burodi. Shi ya koya mini Italiyanci na gaske, ba na gona ba. Idan na yi kuskure sai ya bugi hannun kujera ya ce, "Sake!" Da ya ji aikina a gida, sai ya sa na buɗe wata tsohuwar durowa. Guntayen yadi ne a ciki. Mahaifinsa ma yadi yake sayarwa, shi ma daga baya ya yi sana'ar. Ya riƙa miƙo mini ƙyalle in rufe ido in shafa in faɗi ko auduga ce ko an gauraya. Ban cika kuskure ba. Ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne na gaske, me ya kai ka tumatir?" Lokacin azahar kuwa, ko na manta shi ne zai nuna mini agogo ya ce in je in yi abin da nake yi. Wata rana talabijin ta nuno yara ana zaro su daga ƙarƙashin ginin da bam ya rusa. Na saci kallonsa ina jiran in ji abin da zai ce. Ya kashe talabijin ɗin, kuma ranar bai ci abincin rana ba.

Abu ɗaya Maryam ta gargaɗe ni a kai tun farko: kada in canja zanin gado yana ɗakin. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka tsabar tsufa ce. Bayan na yi kusan shekara a gidan, wata safiya ya ɓata shimfiɗa, ina sauri, sai na bar shi a kekensa kusa da gadon. Na fizgo zanin na kaɗa shi, ya faɗa masa a ka ya rufe shi.

Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan ihun ba. Muryar yaro ce ta fito daga bakinsa. Ya riƙa kai duka ta cikin zanin, ya same ni a ido. Da na yaye, jikinsa rawa yake yi, ya jiƙe da gumi, yana kallona bai san ni ba. Na durƙusa na riƙe hannayensa ina cewa, "Baba, ni ne, Bukar ne," har ya dawo hayyacinsa. Na ba shi ruwa. Ya sha, sannan ya ce in jawo kujera.

Ya ce yana ƙarami gwamnatin kama-karya ta 'yan fasist ta yi doka a kan Yahudawa. Aka kori yayarsa Leya daga makaranta, aka hana mahaifinsa riƙe shagonsa, maƙwabtan da suke gaisawa kullum suka fara tsallaka titi idan sun hango su. Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani, sojojin Jamus suka shigo, aka fara kame. Waɗanda suka zo gidansu ba baƙi ba ne, 'yan sandan garinsu ne, ɗaya daga ciki ma a shagonsu matarsa ke sayen yadi. Aka kai su wani sansani a tsakiyar gonaki, dogayen ɗakuna na bulo, an kewaye da waya mai ƙaya. Shekararsa takwas.

"Ba mu kaɗai ba ne," in ji shi. "A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suka ƙi bin gwamnati. Na kuma ga 'yan wata ƙabila da ake kira Roma, masu yawo gari-gari da keken doki. Su ko a cikin sansanin ma ƙyamarsu ake yi. Kullum da safe a jera mu a fili a kira sunaye, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Idan mutum ɗaya bai amsa ba, kowa zai tsaya har a samo shi. Akwai wani tsoho kurma a ɗakinmu. Aka kira shi bai ji ba. A gabanmu soja ya harbe shi, aka ci gaba da kiran suna na gaba."

Lokaci-lokaci a karanta jerin sunaye, a ce gobe za su tafi aiki a gabas. A kai su tasha a zuba su a taragun shanu a kulle. Babu wanda ya taɓa aiko da wasiƙa. Akwai wata mata 'yar ƙauyen da ke kusa, takan zo da amalanke tana kwasar wankin masu gadi. Bai san yadda mahaifiyarsa ta shirya da ita ba. Ranar da aka karanta sunan gidansu, mahaifiyar ta ja shi bayan ɗakin wanki ta ce ya kwanta a cikin amalanken. Leya ta yi girma, ba za ta ɓoyu ba. Shi kaɗai ne.

"Na ƙi. Na ƙanƙame siket ɗinta ina kuka. Tana roƙona, ina ƙara murya, ga mai gadi can ba nisa. Sai ta mare ni. Ba ta taɓa dukana ba sai ranar. Mamaki ya sa na yi shiru, ta cusa ni ciki, suka jibga zannuwan sojoji a kaina." Ya ɗaga hannu ya taɓa kumatunsa na hagu. "Ban ga fuskarta ba. Fushi nake yi da ita, na rufe ido da gangan."

Matar nan ta riƙe shi a ƙauye a matsayin ɗan ƙanwarta har yaƙi ya ƙare. Daga baya wani kawunsa ya samo shi. Shekaru ya yi yana zuwa tasha duk ranar da aka ce jirgin masu dawowa zai iso. Mahaifinsa, mahaifiyarsa da Leya, babu wanda ya sauko. Sai da ya girma ya san inda jirgin ya kai su, da ɗakunan iskar guba da ke can.

A makaranta an taɓa ambata mana yaƙin a layi biyu, ban riƙe komai ba. Na tashi na kwashe zanin na kai shi waje, na tsaya a baranda na daɗe ban dawo ba.

Bayan kwana biyu ya ce, "Wurin yana nan, an bar shi don mutane su gani. Tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa. Ban taɓa komawa ba. Ina so ka kai ni."

Maryam ta ce ko kusa. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, likita ma ba zai yarda ba. Suka yi faɗa har ta fita tana kuka. Da na faɗa wa Ishaya, ya ajiye cokalinsa.

"Ba ka da hankali ne? Kwanan nan a tashoshi 'yan sanda suke tare mutane. Baƙar fata kawai za su gani su ce ina takarda. 'Yarsa ma ta ce a'a, kai wane ne?"

"Ya ce idan bai je bana ba, ba zai ƙara samun ƙarfin zuwa ba."

"Kai kuma idan aka kama ka, Hajara da 'yarka fa? Tumatir ɗin da muka sha duk ya tafi a banza ke nan?"

Ishaya yana da gaskiya, na sani. Makonni uku ina kauce wa maganar. Tsohon bai sake roƙona ba, sai dai duk safiya idan na gama yi masa aski ya dube ni ta madubi. Ranar da Maryam ta tafi wani taron malamai na yini guda, na saka masa kwat da hula, muka bar mata takarda a kan tebur, na tura shi zuwa tasha.

Daga tashar ƙauyen muka ɗauki tasi. Masara ce koriya shar hagu da dama, manomi na ta aikinsa a kan tarakta. Ban san abin da na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Ɗakunan bulo ne, yawanci rufinsu ya rufta, bishiyoyi sun tsiro a ciki, tsuntsaye na kuka. Wata mata mai kula da wurin ta taho da fara'a za ta yi mana bayani. Ya ce mata, "Na gode, na taɓa zama a nan." Ta ja da baya ta rufe bakinta da hannu.

Na tura shi a kan tsakuwa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya kasa gane nasu. Ya ce wannan ne, muka shiga, ya ce a'a, tagar ba a nan take ba. Muka sake gwada wani. Hankalinsa ya fara tashi, yana cewa, "Ya za a yi in manta? Ya za a yi?" Har na ce mu koma. Sai muka zagaya bayan wani ɗan gini, ya ga wani dogon kwamin wanki na siminti da bututun ƙarfe ya yi tsatsa a kansa. Ya ɗaga hannu na tsaya.

"Nan ne. Amalanken a nan yake. Ita kuma a nan ta tsaya, inda ƙafarka take."

Na matsa da sauri. Ya ce in ɗaga shi. Na rungumo shi ta baya ya tsaya a kan ƙafafunsa, nauyinsa duka a jikina. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya karanta addu'a da harshen ibadarsu, yana yi yana tsayawa inda ya manta. Sannan ya yi magana da Italiyanci, a hankali, ba da ni yake ba. Abin da na ji shi ne, "Na buɗe idona yanzu, Mama." Da ya gama ya ce ni ma in yi musu irin tawa. Na daburce, ban san abin da ya halatta in ce ba. Abin da ya zo bakina na faɗa da Hausa: "Ya Allah, Ka san su, Ka san abin da aka yi musu, kuma Kai ba Ka mantuwa." Ya tambaye ni ma'anarsa na faɗa masa. Ya ce ya isa.

A tasi ya ci burodin da na taho da shi duka, har ya nemi ƙari.

A tashar da za mu canja jirgi aka tare mu, da la'asar. 'Yan sanda uku ne. Mutane cike da dandamalin, amma ni da wani ɗan Gana kawai suka nufa. Na miƙa fasfo, babbansu ya buɗe ya ga bizar, ya ce in biyo su. Na ce ga tsoho ba shi da kowa a nan. Ya ce za su kira iyalinsa, ma'aikacin tasha zai zauna da shi.

Baba Dauda ya damƙi rigata da hannu biyu. Ban san yana da sauran ƙarfi irin wannan ba. Yana ihu, "Ba za ku tafi da shi ba! Na san ku! Na san inda kuke kai mutane!" Jama'a suka taru, wasu suka ɗaga wayoyi. Ƙaramin cikinsu ya ji kunya, yana cewa, "Kaka, bincike ne kawai." Ɗayan kuwa ya kama wuyan hannunsa zai ɓamɓare. Fatar tsohon kamar takarda take, ƙashinsa ba ya son wasa, kuma na ga leɓensa ya fara canja launi. Na ce wa ɗan sandan ya bari ni zan yi. Na lallashe shi bai ji ba. Sai na daka masa tsawa, irin wadda ban taɓa yi wa babba ba a rayuwata: "Sake ni! Na ce ka sake ni!" Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Na zare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na ɗora hannayensa a kan cinyarsa, na ba ma'aikacin tashar jakar magungunansa da lambar Maryam. Har muka sha kwana ban waiwaya ba. Da na waiwaya ba zan iya tafiya ba.

Aka kai ni wurin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Akwai doguwar katanga da waya a kanta, ana kuma kiran suna safe da yamma. Ba zan ce daidai yake da abin da na gani a ƙauyen nan ba, ƙarya ne idan na faɗa. Ana ba mu abinci, lauya na shigowa, kuma kowa ya san jirgin da zai hau gida zai kai shi. Amma duk lokacin da aka fara kiran sunaye sai in tuna tsohon kurman nan, in amsa nawa da ƙarfi fiye da kowa.

Maryam ta zo a rana ta huɗu. Ta zauna ta daɗe ba ta dube ni ba.

"Da ya mutu a dandamalin nan fa? Me za ka ce mini?"

"Na yi laifi."

"Kwana biyu ya yi a asibiti." Ta share ido. "Shekara hamsin ina 'yarsa bai taɓa faɗa mini labarin marin ba. Jiya ya faɗa mini."

Ta ɗauko lauya, ta rubuta takardu, ta je ofis-ofis. Bai yi ba. Bayan mako uku aka raka ni har cikin jirgi. Na sauka a Legas da jakar leda ɗaya, na hau motar Kano. Na shiga Rijiyar Lemo da tsakar rana, ina sunkuyar da kai kada 'yan unguwa su tambaye ni tsaraba. Hajara ta yi kuka, 'yata ta ɓuya a bayanta don ba ta gane ni ba. Kawuna ya ce ai ya faɗa mini. Inna ta bari sai da na ci na ƙoshi, sannan ta sa na ba ta labarin tun daga farko, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Washegari na je Sabon Gari na gaida mahaifiyar Ishaya, na tabbatar mata yana nan lafiya. A wurinta na ji cewa ya bar wankin kwanuka, shi ke kula da tsohon yanzu. Da yamma sai ga kiransa.

"Mutumina, tsohonka zai kashe kansa da yunwa. Mun ce masa ka isa gida, ya ce ƙarya muke yi, su ma haka aka riƙa faɗa musu. Gobe da rana ka kunna bidiyo."

Washegari da azahar na zauna a tsakar gida na kira. Ya rame sosai. Ya kawo fuskarsa dab da wayar har ba na ganin komai sai ido ɗaya da kunne.

"Baba, ni ne. Ka yafe mini tsawar da na yi maka."

Kamar bai ji ba. Ya ce, "Ina ne nan? Akwai masu gadi?"

"Gidanmu ne."

"Fita waje in gani."

Na fita ta zaure na ɗaga wayar. Na nuna masa layinmu, da 'yan adaidaita sahu suna ta hon, da mai rake, da mata sun dawo daga kasuwa, da awaki a gindin katanga. Ya ce in yi tafiya har ƙarshen layin in dawo. Na yi. Ya ce, "Babu wanda ya tsayar da kai?" Na ce babu. Sannan ya tambayi mahaifiyata.

Inna na kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta ce ita ba ta iya magana da Bature ba, na ce kallo kawai zai yi. Ta goge hannu ta ja mayafi. Na durƙusa kusa da ita muka shiga hoton tare. Ya daɗe yana kallonmu, daga ita zuwa ni. Sannan ya yi magana, ina jin Maryam tana kuka a bayansa.

Inna ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a duk waɗanda aka tafi da su a gabansa, ni ne na farko da ya isa wurin uwarsa."

Inna ta karɓi wayar daga hannuna, ta riƙe ta da hannu biyu kusa da fuskarta, ta yi magana da ƙarfi yadda take yi wa tsofaffin unguwa.

"Sannu, Malam Dauda. Sannu da haƙuri. Ga shi nan ya iso, na gan shi, na taɓa shi. Kai kuma yanzu sai ka ci abinci."

Na fassara masa. Ya gyaɗa kai, ya juya ya ce wa Ishaya ya kawo miyar.